Ɗakin tela ya zama wurin ɗaukar murya: yadda wani mawaƙin biki a Kano ya haɗa kayan sauti da kuɗi kaɗan

Mafari: ƙarshen 2022

Wanda wannan bayani ya shafa ɗan ƙanwata ne, matashi mai shekara 24 a lokacin, tela a wata unguwa cikin birnin Kano. Ɗinki ne abincinsa, waƙa kuma ita ce abin da ransa ke so. Waƙar biki yake yi. Ƙawayen amarya ko abokan ango su kawo masa sunaye, su faɗi garinsu da kirarin gidansu, shi kuma ya tsara baitoci, a ɗora a kan kiɗa, a saka ranar kamu ko dina.

Ba ya kiɗa da kansa. Akwai wani makaɗi mai aiki da fiyanon Yamaha da kwamfuta, a wurinsa yake sayen kiɗa, sannan ya je wani sutudiyo a wajejen titin Gidan Zoo ya ɗora murya. A nan ribar take zirarewa. Zai biya kuɗin zama, ya rufe shago ya je ya bi layi, wani lokaci a ɗauke wuta a ce sai gobe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gyara. Waƙar biki ba ta rabuwa da gyara: ana jibi biki sai a bugo waya a ce an manta da sunan gwaggon amarya, kuma idan ba ta ji sunanta ba za a yi rigima. Saboda baiti ɗaya sai ya sake biyan kuɗin mota da na zama.

Burinsa bai wuce kima ba. Ba sutudiyon haya yake son buɗewa ba, so yake ya riƙa ɗaukar muryarsa a ɗakinsa, fes yadda mai haɗa sauti zai karɓa ba tare da ƙorafi ba.

Ga abin da yake da shi: laftof na hannu mai Windows 10 da RAM 8GB, batirinsa na kai kusan awa ɗaya da rabi, ƙaramin janareton da yake kunna wa dutsen guga da fitila a shago, sai ɗakin kwanansa, mita 3 a mita 3 da rabi, bangon siminti, daɓen tayil, taga ɗaya mai kallon lungu, da fankar sama.

Janairu zuwa Maris 2023: kwalin farko

A watan Janairu ya sayi irin kwalin nan da ake tallatawa da sunan cikakken sutudiyo. A ciki akwai makirufo mai ruwan gwal, da hannun ƙarfe mai lanƙwasa da ake ɗaurewa a teburi, da ragar tare iska, da wani ɗan akwati mai fitilu kala-kala da maɓallan tafi da dariya. Naira 22,000 ya biya. A ido kam ya yi kama da abin da yake gani a hotunan manyan mawaƙa.

Makirufon irin na kondensa ne, wato mai saurin ji, wanda ke buƙatar a ba shi wuta kafin ya yi aiki. Da ya soka shi kai tsaye a ramin hedifon na laftof, muryar ta fito can ƙasa kamar daga rijiya. Da ya ƙara mata ƙarfi a manhaja, sai wani shuuu ya taso tare da ita. Ya koma ta cikin ɗan akwatin mai fitilu, murya ta ɗaga, amma akwatin yana zuba mata amsa-kuwwa tun kafin ta shiga kwamfuta, kuma abin da aka ɗauka da amsa-kuwwa ba ya wankuwa daga baya. An yi irin wannan akwati ne domin masu hira kai tsaye a waya, ba domin ɗaukar waƙa ba.

Waƙoƙi uku ya ɗauka a wannan tsakani. Duka ukun mai haɗa sautin ya dawo masa da su, ya ce ya zo ya sake a sutudiyo. Ƙorafinsa iri uku ne: gurnani a ƙarƙashin murya, shuuu a samanta, da muryar da ke jin kamar a banɗaki aka rera ta.

Afrilu da Mayu 2023: kiret ɗin ƙwai

Azumin shekarar ya fara a ƙarshen Maris, aka yi ƙaramar salla ranar 21 ga Afrilu. Wannan ne lokacin da tela ke ganin kuɗi, don haka ya ajiye waƙa ya duƙufa kan keke. Bayan salla, lokacin da bukukuwa ke yawaita, ya dawo kan matsalar da 'yan kuɗi a hannu.

Wani abokinsa ya ce masa ɗakin ne, kuma maganinsa kiret ɗin ƙwai na kwali. Ya sayo guda 70, ya manna su a bango biyu da gam. Da kiret da gam suka ci naira 9,000 da kwana biyu na aiki.

Abokin ya yi gaskiya a rabin maganarsa: ɗakin ne. Amma kwalin kiret kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, kuma abin da ke shanye sauti shi ne abu mai kauri da laushi wanda iska ke ratsa shi. Kiret ya ɗan rage kaifin sama-sama, ya bar kumburin muryar yadda yake. Ƙarar lungu ma bai tare ta ba. Zuwa damina kyankyasai suka sami mafaka a bayansa, ga shi busasshen kwali ne da ke jiran tartsatsi ɗaya a ɗakin da ake ajiye dutsen guga.

A wannan wata na zafi wata matsala ta ƙara fitowa. Idan ya bar fanka a kunne, makirufon yana kwashe kaɗawarta tsaf. Idan ya kashe, ba ya iya minti 15 a rufaffen ɗaki a Kano cikin watan Mayu.

Yuni da Yuli 2023: makirufo na biyu

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Duk kayan sauti daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya fara hawa kusan kowane mako. Tsoron kada abu ya ƙara tsada ya sa ya yi gaggawa.

Ya ji labarin Shure SM58, makirufon hannu da aka fara yi tun 1966, wanda har gobe ake ganinsa a manyan dandamali. Shekaru da yawa farashin sabonsa a Amurka yana wajen dala 99. Da kuɗin ɗinkin babbar salla ya sami wani a wani shago a kan naira 18,000, da kwalinsa da jakarsa da tambari. Duk wanda ya yi lissafin canji a lokacin zai gane cewa kuɗin bai kai rubu'in farashin na gaskiya ba. Jabu ne, kuma wannan samfuri yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya saboda sunansa.

Ya haɗa shi da ɗan akwatin nan ta wata siririyar waya. Ƙarar lungu ta ragu, abin da ya ba shi mamaki, amma muryar ta yi rauni, kuma ko yatsa ya motsa a jikin makirufon sai an ji. Bayan mako shida ya fara yankewa, daga baya ya mutu gaba ɗaya.

Zuwa ƙarshen Yuli ya kashe naira 49,000, bai fitar da waƙa ko ɗaya daga ɗakin ba.

Agusta 2023: awo kafin saye

A nan ya zo wurina, saboda na daɗe ina aikin na'urorin sauti a taruka. Ya gaishe ni ya zauna, ya ce, "Kawu, makirufon ne ba shi da kyau. So nake ka raka ni mu sayi babba, ko da bashi ne." A ransa Audio-Technica AT2020 yake nufi, kondensa mai kyau da ake sayarwa wajen dala 99 a lokacin.

Na ce masa, "Ɗana, ba za mu sayi ko allura ba sai mun ji abin da ɗakin ke faɗa idan ka yi shiru."

Muka mayar da makirufon farko, muka saita ƙarfinsa yadda muryarsa mafi ƙarfi za ta tsaya a wajen desibel −10 a ma'aunin manhaja (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti; sifili ne ƙololuwa a nan, kuma gwargwadon nisan lamba ƙasa da sifili, gwargwadon raunin sautin). Daga nan ya riƙa yin shiru na daƙiƙa 30 muna ɗauka, kowane karo muna cire wani abu.

Da janareto a kunne, caja a jikin laftof, fanka na juyawa, shirun ya nuna −35. Wato tsakanin muryarsa da hayaniya desibel 25 kacal. Muka zare caja, laftof ya koma kan batir: −45, kuma gurnanin nan ya ɓace ɗif. Muka kashe janareton da fanka: −51. Abin da ya rage shi ne shuuu na ɗan akwatin, da fankar cikin laftof, da muryoyin yara a lungu.

Zare caja ɗin nan shi ne abin da ya fi girgiza shi, domin wata bakwai yana zargin makirufo. Wutar gida a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan soket ba shi da wayar ƙasa mai kyau, ko wutar ta fito daga ƙaramin janareto da ba ya ba da tsaftatacciyar wuta, wannan kaɗawa da 'ya'yanta, 100 da 150 da sauransu, suna bin caja su shiga layin sauti. Siririyar wayar da ke zuwa da kwalin kuma ba ta da kariyar da za ta hana.

Sai gwajin tafi. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya tafa sau ɗaya, muka ji wani ziriri yana kai-komo tsakanin bangon da ke fuskantar juna. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, don haka a ɗakin mita 3 yana dukan bango ya dawo kunnen makirufo cikin ƙiftawar ido, sau da yawa, kafin ya mutu. Shi kuma yana tsayawa nesa da makirufo kusan santimita 30, kamar yadda ya ga ana yi a bidiyo. A wannan tazara rabin abin da ake ɗauka bango ne.

Na ba shi aiki na mako guda: ya riƙa ɗaukar shirun minti ɗaya a lokuta daban-daban yana rubutawa a littafin awon ɗinkinsa. Sakamakon ya nuna lokaci biyu masu sauƙin hayaniya. Na farko daga ƙarfe 12 da rabi na dare zuwa kiran assalatu, domin tsadar mai ta sa maƙwabta sun daina barin janareto ya kwana. Na biyu hantsi, daga 9 da rabi zuwa 11 da rabi, yara sun tafi makaranta, masu talla ba su fara ratsa lungu ba. Na daren bai yiwu ba, domin mahaifiyarsa tana ɗakin da ke manne da nasa, kuma waƙar biki da ƙarfi ake rera ta. Ya zaɓi hantsi, ranar Talata da Laraba, ya bar yaron shago da ɗinki.

Satumba da Oktoba 2023: ƙyallayen shago

Kafin a sayi na'ura, ɗakin aka fara taɓawa. Aka ɓamɓare kiret aka zubar.

Tela ba ya rasa abu ɗaya: ƙyallaye. Buhu-buhu suke taruwa a shagonsa da na maƙwabtansa, guntayen yadi da shadda da atamfa, har sai an biya almajiri ya kwashe. Kafinta ya haɗa mana firam huɗu na katako, kowanne tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 10. Aka cika su da ƙyallaye, ba a danna su da ƙarfi ba domin iska ta sami hanyar shiga, shi kuma ya ɗinka musu riga da yadi marar kauri wanda idan ka hura iska za ta fita ta baya. Katako da aikin kafinta naira 12,000.

Dalilin zurfin santimita 10 lissafi ne mai sauƙi. Abu mai laushi ya fi shanye sautin da tsawon zangonsa bai wuce ninki huɗu na kaurin abin ba. Kaurin santimita 10 yana kama sauti sosai daga wajen 850 Hz, wato sautin da ke kaɗawa sau 850 a daƙiƙa, zuwa sama, yana kuma rage na ƙasa da haka gwargwado. Idan aka bar 'yar tazara tsakaninsa da bango sai kamunsa ya ƙara sauka. Mun bar yatsa huɗu.

Inda aka ajiye su ma ya yi tasiri. Shi so ya yi ya jera su a gabansa, inda yake fuskanta. Amma makirufon waƙa ta gaba yake ji, kuma gabansa yana kallon mawaƙi da bangon da ke bayan mawaƙi. Saboda haka biyu suka tafi bayansa, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya shimfiɗa tsohon kafet a tayil, ya rataya bargo mai nauyi ninki biyu a taga, ranar ɗauka kuma yakan jingina katifarsa a kusurwa. Da aka sake tafi, zirirın ya tafi. Motar da ta wuce a titi har yanzu ana jin ta, domin shanye amsa-kuwwa daban, hana ƙarar waje shigowa daban, kuma na biyun sai da gini.

Nuwamba 2023: sayen da aka yi da lissafi

Abu uku ake buƙata: akwatin da ke karɓar murya ya miƙa wa kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira sawun-kad ko intafes, sai makirufo, sai hedifon.

A intafes mun duba uku. Focusrite Scarlett Solo ya fi su suna, sabon zubinsa na huɗu ya fito a shekarar, amma kuɗinsa ya haura dala 100. Behringer UMC202HD yana da mashigar makirufo biyu. Behringer UMC22 mashigar makirufo ɗaya gare shi, yana ba da wutar volt 48 idan wata rana aka so kondensa, kuma daga USB yake shan wuta, wato batirin laftof ya ishe shi. Wannan na ƙarshe muka samu na hannu a wurin wani mai sutudiyo da ya sayi babba, naira 55,000. Mun gwada shi a gabansa na rabin awa, muna murɗa kowane maɓalli muna sauraron ko zai yi ƙarar tsatsa, kafin a tura kuɗi.

A makirufo aka yi jayayya. Shi har lokacin kondensa yake so, domin shi ake gani a sutudiyo. Na tuna masa abin da ya lura da shi da kansa a watan Yuni: ko jabun nan ya rage ƙarar lungu. Makirufon dainamik, irin na hannu, an yi shi ne a rera waƙa baki na kusa da shi. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, murya tana ƙaruwa da kusan desibel 6, alhali ƙarar ɗaki tana nan inda take. Daga santimita 30 zuwa 7 ko 8 an rage rabi sau biyu, wato murya ta tsere wa ɗaki da desibel 12 ba tare da an kashe kobo ba. Muka sayi Behringer XM8500 sabo, wanda a waje bai cika wuce dala 25 ba, a kan naira 28,000. Da yake shi kansa mai araha ne, ba shi da ribar da za ta ja masu jabu kamar wancan. Aka haɗa da wayar XLR mai ƙafa uku ta mita 3 a naira 5,000. Irin wannan waya tana ɗauke da sautin ta layi biyu masu kishiyantar juna, duk dattin da ya shiga a hanya sai ya soke kansa a ƙarshe. Tsawonta kuma ya ba da damar a kai laftof can bayan makirufo, inda ba ya ji.

Hedifon rufaffe, mai lulluɓe kunne, naira 20,000. Da 'yar iyafis ɗin waya yake amfani, kiɗa yana tsiyaya daga kunnensa ya koma cikin makirufo. Lasifikan sutudiyo da ya ƙwallafa rai a kansu an bar su sai gaba.

Daga kwalin farko hannun ƙarfen kaɗai ya tsira. Ragar tare iskar ta yage, sai ya ɗaura ƙyallen mayafi ninki biyu a zoben surfani. Bahaushe yana buƙatar wannan raga ƙwarai, domin "f" ɗinmu da leɓɓa biyu ake hura ta, kuma "ts" da "ƙ" da ƙarfi suke fashewa. Kalma kamar "farin ciki" ko "tsantsar ƙauna", da ba a rasa su a waƙar biki, suna iya dukan makirufo kamar an buga ƙofa. Ya koyi karkatar da shi kaɗan zuwa gefen baki.

Manhajar da ke cikin laftof ɗin ta sata ce, tana yawan rufe kanta ana tsakiyar aiki. Aka goge ta aka sa manhajar ɗaukar sauti ta Cakewalk na BandLab, wadda aka mayar kyauta a 2018, da MAutoPitch, 'yar manhajar gyaran karin murya wadda ita ma kyauta ce.

Jimillar wannan zagaye, haɗe da firam: naira 120,000. Awon shiru na hantsi, kan batir, fanka a kashe, muryarsa a −10: shirun ya sauka −63.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: tuntuɓe biyu

Na farko jinkiri ne. Ya saba a sutudiyo yana jin muryarsa da gyaran kari a kunne yana rerawa. A nan, idan murya ta shiga laftof ta bi ta manhaja ta dawo, tana makara kaɗan, kuma wannan 'yar makara ta isa ta rikita mawaƙi. Idan aka matsa wa kwamfutar ta yi sauri sai ta fara ƙas-ƙas. Mafita ita ce maɓallin da ke jikin intafes wanda ke mayar da murya kunne kai tsaye ba tare da ta shiga kwamfuta ba. Jinkiri ya tafi, amma yanzu tsirarar muryarsa yake ji, da duk inda take zamewa. Mako biyu yana ƙunci a kan wannan. Daga baya ya fara maimaita baiti har sai ya zauna daidai, gyaran ya koma ɗan shafawa a ƙarshe.

Na biyu ya faru a bainar jama'a. A Janairu ya haɗa wata waƙa da kansa daga farko har ƙarshe, ya ji ta daidai a hedifon, ya miƙa. A wurin dina, a manyan lasifikan mai kiɗan taro, muryar ta kumbura ta yi dum-dum, sunayen da aka biya kuɗi a ji ba su fita sosai ba. Ya dawo ransa a ɓace. Dalili biyu ne. Matsowa kusa da makirufon dainamik yana ƙara wa murya kauri, hedifon ɗinsa kuma ba ya nuna masa ƙasan sauti yadda yake. Aka sa matacin da ke yanke duk abin da ke ƙasa da 90 Hz a layin murya, aka ɗan rage wajen 250 Hz. Ya kuma kafa wa kansa doka: ba ya miƙa waƙa sai ya ji ta a lasifikar waya, da 'yar lasifikar Bluetooth ta shago, da rediyon motar wani maƙwabcinsa. A lokacin ne kuma muka gano makaɗin MP3 mara nauyi yake turo masa. Ya roƙe shi ya riƙa turo WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, a matsayin dokumen.

Hunturu ya zo masa da sauƙi ta fuskar zafi, yana iya awa guda ba fanka. Ƙura ce ta sa ya ɗinka wa intafes da makirufo jaka.

Fabrairu zuwa Yuni 2024: sakamako

A Fabrairu dala ta haura naira 1,500. Da ya jira zuwa lokacin, kayan nan da sun fi ƙarfinsa.

Daga Fabrairu zuwa ƙarshen Yuni, ban da watan azumi da ya koma kan keke, ya ɗauki waƙoƙin biki 14 a ɗakin. Tara ya tura wa mai haɗa sautin nan da ya taɓa dawo masa da uku, bai dawo da ko ɗaya ba. Biyar ƙanana ya haɗa da kansa. Sau shida aka bugo a ƙara suna ko a cire, kowanne ya gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya bai fita daga gida ba. Kuɗin zama da na mota da ya daina biya sun mayar masa da naira 120,000 ɗin kafin babbar salla.

Abin da na gani a ciki

Idan aka bi lambobin, daga −35 zuwa −51 babu abin da aka saya. Caja aka zare, janareto da fanka aka kashe. Sauran tafiyar zuwa −63 ta fito ne daga matsowa kusa da makirufo, zaɓen lokaci, waya mai kariya, da intafes marar shuuu. Amsa-kuwwa kuma ƙyallayen da ake zubarwa ne suka kashe ta. Da mun sayi AT2020 a watan Agusta kamar yadda ya so, da mun sami makirufo mai kyau yana ɗaukar gurnanin caja da bangon siminti da kyau.

Ban ɗora masa laifin naira 49,000 na farko ba. Abin da ake nuna wa matasa a bidiyo shi ne kayan da ke kan teburi. Ba a nuna musu ginin ɗakin, ko wutar da ke bayansa, ko na'urar sanyaya ɗakin da ba ta ƙara. An ce araha ba ta ado, amma a nan makirufon da ya yi aiki bai fi jabun da ya mutu tsada da yawa ba. Kayan da suka faɗi an saye su ne kafin a san ciwon, kowanne a kan maganar wani, kuma sau biyu ana canza abubuwa da yawa a lokaci guda yadda ba za a gane wanne ya yi tasiri ba.

Akwai inda nake ganin ni ma na gaza. Na matsa a sayi intafes mai mashiga ɗaya saboda ragin kuɗi, ban yi tunanin amshi ba. Waƙar biki tana son muryoyin mata masu amshi, kuma ba zai yiwu 'yan mata su shigo ɗakin kwanan saurayi ba. Yanzu yakan ɗauki laftof da intafes zuwa falon yayarsa, su rera ɗaya bayan ɗaya a makirufo guda, falon kuma ba shi da firam ko ɗaya, don haka amshin yana fitowa da ɗan amon ɗaki da ba ya jituwa da muryarsa. Ya fara tara ƙyallayen firam biyu masu hannu da za a iya ɗauka a adaidaita sahu.

Batirin laftof ɗin ma ya fara gajiya. Daga awa ɗaya da rabi ya dawo minti 40, kuma duk tsaftar sautin a kansa ta dogara. Yana tsakanin sayen sabon batir da tara kuɗin ƙaramar sola, kuma na ce masa duk wadda zai saya, mu je da laftof da hedifon mu ɗauki shirun daƙiƙa 30 a kanta kafin ya biya.